Babi na Biyar: Duwatsun da Ke Jiran Rana

Tambayi duk wanda ka ga dama daga ina rana take fitowa, zai ce maka daga gabas, ya bi ka da kallon mai tambayar banza. Amsar tasa ba ƙarya ba ce, amma sau biyu kacal a shekara take zama daidai wa daida: wajen 20 ga Maris da wajen 23 ga Satumba. Sauran kwanakin duka, rana tana ɓullowa ne ko dai arewa da ainihin gabas, ko kudu da ita. Mai son gani da idonsa ba ya buƙatar wata na'ura. Ya zaɓi wuri guda da zai tsaya bayan sallar asuba, ya lura da abin da rana ta leƙo ta bayansa, kuka ce, hasumiyar masallaci ce ko tankin ruwa. Bayan mako biyu ya koma ya tsaya daidai inda ya tsaya. Zai tarar ta gusa.

Gusawar tana da iyaka. Daga ƙarshen Disamba mafitar rana tana matsawa arewa kaɗan-kaɗan har wajen 21 ga Yuni. Nan take cijewa, ta juyo, ta kama hanyar kudu har wajen 21 ga Disamba, ta sake juyowa. Abin da ke jawo haka shi ne duniya ba a miƙe take kewaya rana ba. A karkace take da kimanin digiri 23 da rabi, don haka wata shida arewacinta ne ya fi fuskantar rana, wata shida kudancinta. A Kano tazarar da ke tsakanin iyakokin biyu ta kai wajen digiri 48, wato 24 a kowane gefe. Saurin tafiyar kuma ba ɗaya ba ne. Kamar yaro ne a kan lilo: tsakiya yake wucewa a guje, in ya kai ƙarshe sai ya yi kamar ya tsaya kafin ya dawo. A Maris da Satumba mafitar tana gusawa kusan faɗin ƙwallon ranar kanta kowace safiya. A Yuni da Disamba kuwa sai a yi kusan mako guda ido bai ga wani bambanci ba. A riƙe wannan, za mu koma kansa.

Mu nan abin bai cika damunmu ba. Bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a Kano bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba, shi ya sa lissafin shekararmu ya jingina da ruwa da iska: damina, kaka, hunturu, bazara. Amma gwargwadon yadda mutum ya nausa arewa, gwargwadon yadda tazarar take buɗewa. A kudancin Ingila ta kai wajen digiri 80. Yinin ƙarshen Yuni ya haura sa'a 16, na ƙarshen Disamba bai cika 8 ba. Duk wanda ya taɓa yin azumi a Landan a watan Yuni ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ga mutanen da suka zauna a can shekara 5,000 da suka wuce, ba fitila sai wutar itace, ba abinci sai abin da aka tara, komawar rana kudu tana nufin duhu da sanyi da ramewar dabbobi. Dole su san inda take tsayawa.

A filin Salisbury, cikin gundumar Wiltshire, Stonehenge yake. Ba a rana ɗaya aka gina shi ba, ba ma a ƙarni ɗaya ba. An fara ne da gwalalo mai kewaye, faɗinsa ya haura mita 100, wajen shekara ta 3000 kafin Miladiyya. Da ƙahon barewar ƙasarsu suka haƙa shi a cikin ƙasar alli, kuma ƙahonin da suka yar a ƙasan ramin su aka gwada aka san shekarunsa. Manyan duwatsun da ake gani a hoto sun zo ne bayan kimanin shekara 500. Talatin aka tsayar a da'ira, kowanne wajen tan 25, aka ɗora wasu a kwance a kansu. Ba ɗorawa kawai aka yi ba: an bar ɗan tsiro a kan kowane tsayayye, an fafe rami a cikin na kwance, suka shiga juna. Cikin da'irar akwai wasu ƙofofi biyar, kowace tsayayyu biyu da na kwance ɗaya, an jera su a lanƙwashe, bakin lanƙwasar yana kallon arewa maso gabas. Binciken da aka wallafa a 2020 ya nuna yawancin manyan duwatsun daga West Woods aka jawo su, nisan kimanin kilomita 25. Ƙananan, masu launin shuɗi-shuɗi, daga tsaunukan Preseli na Wales suka fito, sama da kilomita 200. A 2024 kuma aka gano cewa wani dutse mai tan shida da ke kwance a tsakiya, daga arewa maso gabashin Sikotilan yake, nisan da ya kai kilomita 700. Mutanen da ba su da ƙarfe, ba su da keken shanu.

Duk wannan wahalar an yi ta ne a kan layi ɗaya. Ƙofar gwalalon, bakin lanƙwasar, da doguwar hanyar da ta shigo wurin tsakanin tudu biyu, duka a kan miƙaƙƙen layi guda suke, daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Wanda ya tsaya a tsakiya da asubar yini mafi tsawo, ya dubi arewa maso gabas, ta nan zai ga rana ta fito, kusa da wani ƙaton dutse da ba a sassaƙa ba, wanda ke tsaye shi kaɗai a waje, ana kiransa Heel Stone. Mutumin farko da ya rubuta wannan shi ne William Stukeley, likita ne da daga baya ya zama malamin coci, a littafinsa na 1740. Ya auna wurin da kyau, ya ga abin da ya gani. Sai dai ya haɗa da shaci-faɗi: ya ce limaman gargajiyar Birtaniya da ake kira Druid ne suka gina, alhali an tsayar da duwatsun fiye da shekara 2,000 kafin a fara jin labarinsu. Kuskuren ya yi farin jini har yau, ga masu fararen riguna nan suna zuwa kowace shekara suna cewa gadonsu ne.

Hoton da ake sayarwa, na rana zaune daram a kan Heel Stone, yana da ɗan ha'inci. Rana tana fara leƙowa ne ta hagun dutsen, sai ta ɗan tashi sannan ta zo kansa. A zamanin magina ma ta fi haka nisa, domin karkatar duniya tana raguwa a hankali. A lokacinsu ta kusa digiri 24, don haka mafitar ta fi ta yau matsawa arewa da kusan digiri ɗaya, wato faɗin rana biyu. A 1979, ana haƙa ramin wayar tarho a gefen titi, Mike Pitts ya gano gurbin wani dutse dab da Heel Stone, ta hagunsa. In su biyun sun taɓa tsayawa tare, to ta tsakaninsu rana take fitowa, ba ta kan ɗaya ba. Wannan raguwar karkata ita ce Norman Lockyer, babban masanin taurari, ya so ya yi amfani da ita a 1901 don ya san shekarun ginin: in an san inda layin ya nufa, an kuma san saurin da mafitar ke gusawa cikin ƙarnuka, sai a lissafo baya. Dabarar ta burge. Ya fitar da shekara ta 1680 kafin Miladiyya, ya kauce da wajen shekara 800. Ba lissafinsa ne ya gaza ba. Layin ne ba shi da kaifin da zai ɗauki irin wannan awo, kuma ba wanda ya san ko magina leƙowar farko suke dubawa, ko rabin rana, ko cikarta.

Rigimar gaske ta tashi ne a shekarun 1960. Gerald Hawkins, masanin taurari haifaffen Ingila da ke koyarwa a Jami'ar Boston, ya ɗauki taswirar wurin, ya ɗura wa kwamfutar IBM matsayin duwatsu da ramuka sama da ɗari, a zamanin da kwamfuta ɗaya take cika ɗaki. Ya ce ta nemo masa layukan da suka nufi mafita da mafaɗar rana da wata. Ta kuwa nemo. A littafinsa Stonehenge Decoded na 1965 ya ce wurin gidan duban taurari ne. Ya ƙara da cewa ramuka 56 da ke kewaye a cikin gwalalon, waɗanda aka sa wa sunan John Aubrey, kayan lissafin husufi ne: a riƙa matsar da dutse rami ɗaya kowace shekara, sai a san shekarar da wata zai kama. Fred Hoyle na Jami'ar Cambridge ya shigo da tasa hanyar lissafin. Littafin ya sayu kamar me. Jama'a suna son a ce musu mutanen da sun san abin da sai yanzu aka sake ganowa, balle an ce kwamfuta ce ta faɗa.

Richard Atkinson, wanda ya yi shekaru yana haƙa a Stonehenge da hannunsa, ya mayar da martani mai zafi a mujallar Antiquity a 1966. Ya ce Hawkins ya haɗa ramin wani zamani da dutsen wani zamani ya ja layi a tsakaninsu, ya yi aiki da taswirar da ba ta da inganci, ya kuma karɓi duk layin da ya kauce da digiri ɗaya ko biyu a matsayin dacewa. Wannan na ƙarshe shi ne gaɓar, kuma kowa zai iya lissafa shi a bayan ambulan. Zuba duwatsu ashirin a fili yadda ka ga dama. Daga kowanne kana iya hango sha tara, ka sami fuskoki 380 ke nan. Wuraren da ake nema a gefen sama kuwa: mafita da mafaɗar rana a Yuni da Disamba, huɗu, gabas da yamma, biyu, iyakokin wata, takwas. Sha huɗu. In ka yarda da kaucewar digiri biyu hagu ko dama, kowanne ya ci digiri huɗu, jimla 56 cikin 360. Wato cikin layi shida ko bakwai, ɗaya zai faɗa kan wani abu, ka tashi da dacewa sama da hamsin daga duwatsun da ka watsar ido rufe. In ka shigo da taurari kuma, ba layin da zai rasa abokin tafiya. Ramukan Aubrey dai, da aka tona su, ƙonannun ƙasusuwan mutane aka tarar a yawancinsu, akwai kuma alamun cewa ƙananan duwatsun Wales sun taɓa tsayawa a ciki.

Alexander Thom, farfesan injiniya a Oxford, ya fi Hawkins haƙuri nesa ba kusa ba. Ya yi shekaru gommai yana yawo da na'urar awo, ya auna ɗaruruwan da'irori da jerin duwatsu a Birtaniya da Faransa. Ya ce magina suna da ma'auni ɗaya, wajen santimita 83, kuma suna bin motsin wata da ƙwarewar da ta kai ta masu madubin hangen nesa. Daga baya Clive Ruggles da abokan aikinsa suka sake auna wurare wajen 300 a yammacin Sikotilan, amma da sharaɗi: a tsayar da ƙa'idar zaɓen layi tun kafin a duba inda ya nufa. Da aka yi haka, kaifin da Thom ya gani ya watse. Abin da ya rage shi ne, a wasu yankuna duwatsun sun fi yawan fuskantar wani sashen sama fiye da yadda sa'a kaɗai za ta bayar, amma da awo na ido, ba na injiniya ba. A ganina wannan shi ne aiki mafi amfani da aka yi a fannin, ko da yake ba shi ne ya fi sayuwa ba.

Akwai wata magana da ake yawan maimaitawa, har a littattafan makaranta, wai an gina irin waɗannan wurare ne don manoma su san lokacin shuka. Ban yarda da ita ba. Mai son ya san mafitar rana, turke biyu sun ishe shi. Ba sai ya tara ɗaruruwan mutane sun jawo tan 25 ba. Sannan mu koma kan abin da na ce a riƙe: a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba rana ba ta gusawa yadda ido zai gani, saboda haka nan ne wuri mafi muni da mutum zai nemi sanin takamaiman kwanan wata. Layin Stonehenge zai iya gaya maka cewa makon ya zo, ba zai gaya maka yau ce ko jibi ba. Ƙara da cewa a Ingila ana iya yin kwana da kwanaki gajimare bai bar kowa ya ga fitowar rana ba. Manomi kuma, a ko'ina yake, ƙasa yake taɓawa ya ji ko ta jiƙa. Ƙarshen Yuni ba lokacin shuka ba ne a can, ba kuma na girbi ba. Wanda ya kashe wannan ƙarfi, ba labari yake nema daga rana ba. Wurin taro ya gina, ya ɗaure shi da lokacin da kowa zai iya ganewa daga ƙauyensa, ko da ba manzo ba wasiƙa.

Wane lokacin, to? Layi yana da kai biyu. A wannan yanki, in ka ba mafitar ranar Yuni baya, abin da ke gabanka shi ne mafaɗar ranar Disamba. Kowace shekara hukumar English Heritage tana buɗe wurin kyauta a daren yini mafi tsawo, dubban mutane su kwana cikin duwatsun da kiɗa da ganguna, gari na wayewa su juya arewa maso gabas suna ɗaga wayoyi. Masu bincike da yawa yanzu suna ganin taron ya juya wa ainihin abin baya. Hanyar da ta shigo wurin ta arewa maso gabas take zuwa, don haka mai tahowa a kanta kudu maso yamma yake kallo. Ƙofa mafi tsawo cikin biyar ɗin can take a ƙarshen, ƙafarta ɗaya tana tsaye har yau, kusan mita 7 a saman ƙasa, ɗayar ta faɗi ta karye. Lokacin da suke tsaye tare, ta siririn tsagin da ke tsakaninsu ranar ƙarshen Disamba take faɗuwa. Da aka ɗauki hoton duwatsun da hasken leza a 2011, an ga cewa fuskokin da mai shigowa ta hanyar nan zai fara gani su aka fi sassaƙawa da gogewa. Na bayan, an yi musu aikin a tafi da shi.

Hujja mafi ƙarfi ba daga sama ta zo ba, daga juji ta zo. Kimanin kilomita 3 daga Stonehenge, a bakin kogin Avon, akwai Durrington Walls. Tawagar Mike Parker Pearson ta yi haƙa a can a shekarun 2000, ta tono daɓen ƙananan gidaje masu murhu a tsakiya, na zamani ɗaya da manyan duwatsun. A kewayensu tarin fasassun tukwane ne da dubban ƙasusuwan aladu da shanu, wasu an yar da su da sauran nama a jiki, alamar an ci an ƙoshi an bari. Haƙoran aladun sun nuna da yawansu an yanka su suna da wajen wata tara. In an haife su a farkon ɗumi, kamar yadda aka saba a can, wata tara ya faɗa tsakiyar sanyi. Gwajin sinadaran da ke cikin haƙora da ƙashi ya kuma nuna wasu dabbobin ba a yankin suka girma ba, daga nesa aka koro su. A Durrington ɗin akwai da'irar manyan gumagumai na itace, ita kuma ƙofarta mafitar ranar Disamba take kallo. Sai hoton ya haɗu: jama'a daga sassa daban-daban, da dabbobinsu, sun taru a lokacin da yini ya kai ƙarshen gajartarsa.

Wanda ya ba Parker Pearson mabuɗin wannan fahimta ɗan Afirka ne. Ramilisonina, mai binciken kayan tarihi daga Madagaska, sun daɗe suna aiki tare a can, inda har yau ake tsayar da duwatsu don matattu. Da ya ziyarci Ingila a 1998 aka kai shi wuraren, abin da ya faɗa a taƙaice shi ne, a wurinsu itace na masu rai ne domin yana ruɓewa, dutse kuwa na kakanni ne. Suka rubuta maƙala tare a wannan shekarar: Durrington mai itace wurin rayayyu, Stonehenge mai dutse da toka wurin matattu, kogi ya haɗa su. Ba kowa ya karɓa ba, kuma gaskiya ne al'adar Madagaska ba hujja ba ce a kan mutanen da suka rayu a wata nahiya shekara 4,500 baya. Amma ra'ayin ya yi abin da ake so ra'ayi ya yi: ya nuna inda za a sa cebur, aka sa, aka sami gidajen. A 2008 kuma, da mutanen tawagar suka yanka hanyar shigowa Stonehenge, sai suka tarar a ƙarƙashinta akwai wasu kwaruruka da tudu na halitta, waɗanda ƙanƙara da ruwa suka zana tun kafin zuwan kowa, kuma bisa sa'a sun miƙe kan layin nan na Yuni da Disamba. Mai yiwuwa abin da ya sa aka zaɓi wurin ke nan tun farko.

In ana neman wurin da ba gardama, Newgrange ne a Ailan, a bakin kogin Boyne. Ba da'irar tsayayyun duwatsu ba ce zalla. Ƙaton tudun kabari ne da aka gina wajen 3200 kafin Miladiyya, ya girmi dalar Giza da ɗaruruwan shekaru. Wani siririn lungu mai mita 19, da aka jera wa manyan duwatsu hagu da dama, shi ke kai mutum ɗakin ciki. A saman ƙofar akwai wata 'yar taga da aka gina ta daban. Lungun yana hawa tudu, don haka hasken ƙofa ba ya isa ciki, amma tagar tana daidai da tsayin daɓen ɗakin. Ranar 21 ga Disamba 1967 Michael O'Kelly, wanda ke jagorantar haƙar wurin, ya shiga shi kaɗai kafin gari ya waye. Da rana ta fito, wani siririn haske ya ratso ta tagar, ya bi lungun har ƙasan ɗakin, ya yi wajen minti 17 sannan ya janye. Haka yake yi na 'yan kwanaki kafin ranar da bayanta. Ɗakin ba ya ɗaukar mutane da yawa, shi ya sa yanzu ƙuri'a ake jefawa, kuma wanda ya ci ma yana iya shiga ya fito bai ga komai ba in hadari ya rufe. Nan ba layi ɗaya aka tsinto cikin ɗaruruwa ba. Taga ɗaya ce, an yi ta da gangan, kuma ba ta da wani aiki sai wannan.

A nahiyarmu ma an tsayar da duwatsu. Tsakanin Senegal da Gambiya akwai da'irori sama da dubu da aka sassaƙa daga marmara, irin su Wassu da Sine Ngayène, waɗanda UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 2006. Kaburbura ne, kuma da yawansu suna da wani dutse ko jerin duwatsu a tsaye ta gabashinsu. Gabas ɗin a fili take, amma ta gaba ɗaya ce, ba ta wata safiya takamaimai ba.

Wanda ya fi jan hankali yana can cikin hamadar kudancin Masar, wajen kilomita 100 yamma da Abu Simbel, kusa da iyakar Sudan. Sunan wurin Nabta Playa. Yau ba abin da ke wurin sai rairayi da iska. Amma tsakanin kimanin shekara 10,000 zuwa 5,000 da suka wuce, damina tana hawa arewa fiye da yadda take yi yanzu. Zamanin ne da aka sassaƙa raƙuman dawa a dutsen Dabous na yankin Agadas, aka kuma fafe kwalekwalen Dufuna da aka tono a Yobe. A Nabta ruwan sama yakan taru a wani kwari ya zama tafki na 'yan watanni, makiyaya su sauko da shanunsu. Tawagar Fred Wendorf da Romuald Schild, da ta fara aiki a wurin a shekarun 1970, ta tono rijiyoyi, da gurbin bukkoki, da ƙwayoyin dawar daji, da wata saniya da aka binne ɗungurungum a ramin da aka rufe da tarin duwatsu. Ta kuma tarar da wata 'yar da'ira ta faffaɗan duwatsu, faɗinta wajen mita 4 kacal, mai kimanin shekara 7,000, wato ta girmi manyan duwatsun Stonehenge da fiye da shekara 2,000. A jikinta akwai tagwayen duwatsu huɗu da suka fi sauran tsawo, suna fuskantar juna biyu-biyu. Layi ɗaya kudu da arewa ne. Ɗayan, a cewar masanin taurari McKim Malville a maƙalar da suka wallafa a mujallar Nature a 1998, ya nufi wajen mafitar rana ta ƙarshen Yuni.

A nan maganar lokaci tana da ma'anar da ba ta da ita a Ingila, domin ƙarshen Yuni shi ne wajen lokacin da damina take isowa can, tafki ya kawo, a san za a yi zaman shekara. Wurin kuma yana dab da iyakar da rana take kaiwa tsakar ka, don haka makonni kaɗan kafin juyawarta da bayanta, dutsen da ke tsaye cak yakan rasa inuwa da tsakar rana. Mu ma muna da irin wannan: a Kano yana faruwa wajen 21 ga Afrilu da wajen 22 ga Agusta. Duk da haka, ma'aunin da aka auna Hawkins da shi dole a auna Nabta da shi, ba don na gida ne a ɗaga masa ƙafa ba. Da'ira mai mita 4 gajera ce ƙwarai. In ka sa ido a ƙofa ɗaya ka hango ta ɗayar, ɗan karkata kai kaɗan ya sauya maka digiri da yawa. Duwatsun ƙanana ne, sun yi dubban shekaru a rairayi mai motsi, wasu a kwance aka same su. A ce makiyayan sun nuna sashen saman da rana ke fitowa in ruwa ya kusa, wannan mai yiwuwa ne ƙwarai. A ce, kamar yadda wasu littattafai suka ce daga baya, duwatsun tsakiyar taswirar taurari ce har da nisansu daga duniya, wannan kam an wuce gona da iri.

Sake aunawa ma yanzu ya yi wuya. Bayan labarin ya bazu, masu yawon buɗe ido suka fara kutsawa wurin ba da izini ba, suna kunna wuta, suna jujjuya duwatsu, wasu ma suna sake jera su yadda suke ganin ya fi kyau. A 2008 hukumomin Masar suka sa aka kwashe da'irar aka kai ta gidan tarihin Nubiya da ke Aswan, aka sake tsayar da ita a harabarsa. Duk mai son ya gwada maganar Malville yau, sai dai ya koma ga taswirori da hotunan da aka ɗauka a shekarun 1990.